Ranar da Ba Mu Saukar da Fitila Ba

Rijiyar farko da na yi aiki a kanta a Jiwa take, bayan gidan wani manomin doya. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, na taho daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna ina neman aikin lebura. Wanda ya ɗauke ni wani dattijo ne ɗan Gbagyi, ana ce masa Baba Gimba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kana da ƙarfi. Ƙarfi ba ya haƙa rijiya, amma da shi za mu fara." Wata uku na yi bai bar ni na taɓa diga ba. Aikina jan guga, da zubar da ƙasa nesa da bakin rami, da bin igiya taƙi bayan taƙi da yatsa kowace safiya ina neman inda ta fara ci.

Samari suna zuwa wurina yanzu su ce, "Baba Ayuba, koya mana, ai rami ne kawai." Ba na yi musu faɗa. Sunana Ayuba, na haura shekara talatin ina haƙar rijiya da yasa tsakanin Gwagwalada da Zuba, kuma sai da furfura ta fito mini na shiga ajin manya na koyi riƙe biro. Malamarmu ta ce kowa ya rubuta abin da ya fi sani. Saboda samarin nan nake rubuta wannan.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Diga mai gajeren ƙota, domin doguwa ba ta juyuwa a cikin rami. Shebur da aka rage masa hannu. Dagi da guduma na ranar da aka ci karo da dutse. Guga, igiya biyu, ɗaya ta mutum ɗaya ta guga, da ƙarfen da igiyar ke bi ta kansa a bakin rijiya. Sai zoben siminti da ake jerawa don kada bango ya rufta. Amma abin da Baba Gimba ya fi ji da shi wata 'yar aci-balbal ce ta gwangwanin madara. Kafin kowa ya shiga, sai a kunna ta a ɗaura a zare a saukar har ƙasa. In ta ci gaba da ci, akwai iskar da mutum zai shaƙa. In ta mutu, to ba mai shiga, ko da mai gida zai yi birgima a ƙasa. Sai a ɗaure ganye mai yawa a igiya a yi ta sama da ƙasa da shi har iska ta canza. Kuma igiyar ƙugu ba a kwance ta a ƙasa, ko don mene ne.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. Wani ma'aikacin gwamnati ya taɓa nuna mini wuri da takalmi ya ce nan yake so, don ya dace da furanninsa. Na ce, "Oga, ruwa bai ga zanen gidanka ba." Wata mata kuma ta so rijiya taku biyar daga masai, ta ce in ban yi ba za ta kira wani. Na ce ta kira. A sana'ar nan dole ka iya cewa a'a ga wanda zai ciyar da kai.

Bayan Baba Gimba ya tsufa, mu uku muka haɗa kai: ni, da Bulus ɗan garinmu, da Malam Sale, mutumin Katsina. Kafin shiga, ni da Bulus mu cire hula mu yi addu'a cikin sunan Yesu, Malam Sale ya yi bismillarsa, sannan a saukar da fitila.

Shekarar da ta fi muni ita ce wadda motocin haƙar bohol suka cika gari. Masu kuɗi suka daina nemanmu. Mukan yi sati uku ba aiki. Igiyar guga ta tsinke, ba mu sayi wata ba. Cikin bazara aka kira mu yasar wata tsohuwar rijiya a Gwagwalada wadda ta daɗe a rufe da kwano. Da muka isa, aci-balbal ba kananzir. Bulus ya ce bari ya je bakin titi ya samo. Ni na ce masa, "Bari kawai. Tun jiya aka buɗe ta, ta sha iska. Rana tana yi." Ya dube ni, ya mai da hularsa, ya sauka. Da ya isa ƙasa ya cika guga, sai ya kwance igiyar ƙugunsa ya ɗaura wa gugan, tunda ita kaɗai ce. Na kira shi sau biyu bai amsa ba. Muka ja da dukan ƙarfinmu. Abin da ya fito guga ne cike da laka da wani tsohon takalmi. Na sa ƙafa zan bi shi, Malam Sale ya rungume ni ta baya ya kayar da ni ƙasa. Sai da muka yi awa muna kaɗa ganye kafin aka iya shiga a ɗauko shi.

Na gaya wa matarsa Saratu cewa mugunyar iska ce. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Ɗansu Ishaya yana sakandare a lokacin. Shekara goma sha biyu na yi ina shiga gidan, ina cin tuwon Saratu, ban faɗi sauran ba.

Ishaya ya yi jami'a, ya karanci ƙasa da duwatsu, ya samu aiki a wani kamfanin bohol. Ya kuma daina zuwa coci, ya ce babu Allah. Ba ya faɗa da raini, a hankali yake faɗa, shi ya sa abin ya fi damun uwarsa.

Bazarar da ta wuce rijiyar gidan Saratu a Tungan Maje ta ƙafe. Ni da Bulus muka haƙa ta da hannunmu. Lungun gidan ya yi wa motar bohol ƙunci, don haka ta aika a kira ni in ƙara mata zurfi. Da na zo duba aikin ta ja ni gefe, ta kira ni da sunan 'yata kamar yadda ta saba, ta ce, "Baban Rahila, Ishaya ya ɗauki hutu, zai zo ya taya ku. Ka yi masa magana. Ni in na fara sai kuka, fasto kuma ba ya sauraronsa. Kai yake jin nauyi." Na amsa mata. Amma na san ba zan iya kare sunan Allah a gaban yaron ba alhali ina ɓoye abin da na ɓoye. Na kuma san in na faɗa, mai yiwuwa na rasa gidan nan gaba ɗaya. Ga shi Malam Sale kafaɗarsa ta lalace, ba ya iya jan mutum shi kaɗai. Igiyata a hannun Ishaya za ta kasance.

Ranar farko da safe na cire hula a bakin rijiya. Ishaya ya jira na gama, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wa kake gaya wa? Mu a kamfani na'ura muke shimfiɗawa, ta nuna mana ruwa a takarda. Ba mu taɓa cire hula ba, kuma muna samun ruwa."

Malam Sale ya ce, "Har da wancan bohol na bayan makaranta, mai tari kamar tsohon da ya sha taba?"

Ishaya ya yi dariya. "Wannan ba namu ba ne, Malam."

Na ce, "Ɗana, na'urarku ta nuna inda ruwa yake. Ita ta zuba shi a can?"

"Ruwan sama ne yake ratsa ƙasa ya taru a tsagar dutse. Ba wani asiri."

"Na yarda. Ni da hannuna na taɓa tsagar. Amma in ka dawo gida ka tarar da randa cike, ka zauna ka bayyana mini nauyin guga da tsawon igiya da yadda ruwa ya gangara cikin randa, duk daidai ne. Sai dai bayanin bai nuna cewa ba wanda ya ɗebo ba. Karatunka ya gaya maka yadda aka yi. Bai ce ba mai yi ba."

Ya ce shi dai abin da bai gani ba, bai yarda da shi ba. Ina cikin kunna aci-balbal a lokacin. Na saukar da ita muna kallo, ta isa ƙasa tana ci. Na ce, "Iskar da ke can, ka gan ta?"

"A'a, Baba, amma ita ana gwada ta. Ga fitila nan. Ina fitilar gwada Allah?"

Tambaya ce mai kyau, na kuma gaya masa haka. Na sauka da ita a raina. Awa biyu ina saran marmara ina juya tambayar. Da na fito shan ruwa na ce masa, "Fitilarsa mutum ne. Ka san ubanka yana shan burkutu?"

Ya ce bai taɓa ji ba.

"Kafin a haife ka, in aka biya mu ranar Juma'a, Asabar a kwata ake tsintar sa. Baba Gimba ya kore shi sau biyu. Ni na yi masa faɗa, 'yan'uwansa sun yi, ba abin da ya canza. Wata Lahadi ya shiga coci don ya fake wa ruwan sama, ya fito wani mutum dabam. Uban da ka sani, wanda bai taɓa ɗaga wa uwarka murya ba, daga ranar ya fara. Ban ga iskar ba. Na ga wutar tana ci shekara ashirin."

Ya ce mutum yana iya canza kansa. Na ce to, ni dai na ga wanda ya gwada ya kasa.

Da azahar Saratu ta kawo doya da manja. Muna ci Ishaya ya ce ai addinin nan Turawa suka kawo mana, kuma da a Katsina aka haife ni da salla nake yi kamar Malam Sale. Na ɗaga digata na ce, "Wannan ma ba kakana ya ƙera ta ba. Tambayar ita ce, tana sara ko ba ta sara? Kuma haƙar rijiya ma a hannun wani na koya. Don an koya mini inda ruwa yake, ruwan bai zama ƙarya ba."

"To ku biyun nan wa ke da gaskiya? Kowa da tasa."

Malam Sale ya lashe yatsa ya ce, "Yaro, ni da Ayuba mun fi shekara ashirin muna gardama a kan Annabi Isa. Bai ja ni ba, ban ja shi ba. Amma ko sau ɗaya ba mu yi gardama a kan ko akwai Mai Sama ba."

Na ce, "In mahaƙa biyu suka yi musu, ɗaya ya ce ruwa na gabas, ɗaya ya ce yamma, ba za ka ce don haka babu ruwa a ƙasa ba. Sai ka bincika wa ya yi daidai. Ni na tsaya a kan Yesu, Malam ya san haka."

Duk wannan Ishaya da murmushi yake yi. Na gane ba su ne ainihin abin da ke cinsa ba. Kamar ƙasar sama ce, sai an kwashe ta kafin a kai ga dutse.

Rana ta biyu muka kai. Na cire hula ke nan ya ce, ba murmushi, "Baba, ranar da babana ya shiga waccan rijiyar, kun yi addu'a?"

"Mun yi."

"Shi ma ya yi?"

"Shi ya ja ta."

"To ina Allahn yake?"

Malam Sale ya sunkuyar da kai. Na ajiye igiyar da ke hannuna na gaya masa komai, yadda na rubuta a sama: kananzir da babu, bakin titi da ubansa ya so zuwa, maganar da na yi, igiya ɗaya. Na ce, "Allah ya ba mu hankali, ya ba mu Baba Gimba, ya ba mu doka. Ni na taka ta. Shekara goma sha biyu kana ɗora wa Allah kayan da nawa ne, ni kuma na yi shiru na bar ka. Wannan ma laifina ne."

Ishaya ya ce, "Ko da kai ne. Kun ce shi mai iko duka ne. Iska kaɗan ta gagare shi? Mutum ya roƙe shi minti biyar kafin nan."

"Ba ta gagare shi ba. Ban san abin da ya sa bai yi ba. In na ce maka na sani, ƙarya nake. Na tambaye shi fiye da yadda ka tambaya."

"Amma ka ci gaba da cire masa hula."

"Na ci gaba. Ka ce mutuwar ubanka ba ta kamata ba. Ni ma haka na ce. Amma in babu kowa a sama, ɗana, mene ne bai kamata ba? Iska ta yi abin da iska ke yi, kamar yadda dutse ke faɗowa. Ba a jin haushin dutse. Kai kuwa haushi kake ji, kuma ba tun yau ba. Haushin wa?"



Na ce, "Abu ɗaya zan ƙara, daga nan na yi shiru. Mu mahaƙa mun san wanda ya faɗi a ƙasa ba a cetonsa da ihu daga sama. Dole wani ya sauka inda iskar take. Ni na so in sauka, aka riƙe ni, kuma daidai aka yi, da gawa biyu za a fitar. Abin da ya riƙe ni cikin bangaskiyar nan shi ne, Allahn da nake bi bai tsaya a bakin rami yana ba da umarni ba. Ya sauko. Ya shaƙi abin da muke shaƙa, ya mutu, aka sa shi a rami, ya fito. In wannan gaskiya ne, to Bulus bai kasance shi kaɗai a can ƙasa ba, kuma ba can ne ƙarshensa ba. In ba gaskiya ba ne, ba ni da abin da zan ba ka, kai ma ba ka da abin da za ka ba uwarka."

Ya juya ya fita daga gidan. Muka ji ƙarar ƙofar kwano.

Saratu tana bakin madafa, ta ji duka. Na nufe ta ban san da wace kalma zan fara ba. Ta riga ni. Ta ce, "Baban Rahila, na sani. Ranar da kuka kawo mini kayansa na girgiza gwangwanin, ba ko ɗigo, lagwanin a bushe. Kuma Bulus ba ya shiga ba fitila sai in wanda yake jin nauyi ne ya ce ya shiga."

Na ce, "Kika yi ta ba ni abinci?"

"Shekarar farko da ƙyar. Ina zuba maka miya ina roƙon Yesu ya riƙe mini hannu. Daga baya ya sauƙaƙa." Ta koma ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ashe Ishaya bai yi nisa ba, yana jingine a bayan katanga, katangar kuwa ba ta kai kafaɗa ba, ya ji duk abin da uwarsa ta ce. Muka zauna ni da Malam Sale a inuwar mangwaro kusan awa guda. Saura kamar ƙafa uku a kai ga ruwa, ƙasar jiya da yamma ta fara danshi. Malam Sale ya ce ko mu nemo wani ya riƙe igiya. Na ce mu ɗan jira.

Can sai Ishaya ya shigo riƙe da kwalbar kananzir. Bai dubi kowa ba. Ya ɗauki aci-balbal, ya cika ta duk da akwai saura a ciki, ya kunna, ya saukar da kansa. Muka leƙa mu uku. Tana ci. Ya jawo ta, ya ɗauki igiyar ƙugu ya bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe, ya ɗaura mini, ya ja ƙullin sau biyu.

Ya ce, "Kada ka kwance ta."

"Ba zan kwance ba."

"Cire hularka ka yi abin da za ka yi. Ban ce na yarda ba."

"Ban ce ka ce ba."

"Kuma ban gama da kai ba, Baba. Akwai sauran tambaya."

Na ce, "Ina nan."

Na yi addu'a, Malam Sale ya yi bismilla, Saratu ta ce amin daga madafa. Ishaya ya naɗe igiya a hannu ya kafa ƙafa.

Wanda bai taɓa shiga rijiya ba bai san wannan ba: daga ƙasa ba ka ganin mai riƙe da kai. In ka ɗaga kai, ɗan farin da'ira kawai kake gani kamar faifai, hasken ma ya hana ka gane fuska. Abin da kake da shi igiya ce a ƙugu. Mai riƙo nagari ba ya barin ta ta yi sako-sako, yana biye da kai, in ka sunkuya ya saki kaɗan, in ka miƙe ya tattara. Ta haka kake sanin yana nan. Awa ɗaya da rabi na yi a ƙasa ranar, igiyar ba ta kwanta ba ko sau ɗaya. Wajen la'asar dagi ya shige wata tsaga, ruwa mai sanyi ya taso ya rufe mini idon sawu. Na girgiza igiya sau uku, ɗan Bulus ya jawo ni sama.

Har yau bai koma coci ba. Yakan zo wurina ranar Asabar da tambayoyinsa, wasu in amsa, wasu in ce ban sani ba. Watan jiya ya kawo mini wata na'ura ƙarama mai kuka in iska ta ɓaci, ya ce in daina dogara da gwangwani. Na karɓa, ina amfani da ita. Aci-balbal ma ina saukarwa.

Ku samari masu cewa rami ne kawai, ku zo, zan koya muku. Amma wata uku za ku yi a sama kuna riƙe wa wani igiya kafin in bar ku ku taɓa diga. Wanda bai san nauyin ran mutum a hannunsa ba, ban yarda ya sa nasa a hannun wani ba.